Daga Shafaffe zuwa Naɗaɗɗe: Nazarin Kalmomin Sarauta a Tsohon Ibrananci da Hausa

1.0 Gabatarwa

Birnin Lalle, wanda ke cikin yankin Dakoro a jihar Maraɗi, yana cikin tsofaffin biranen da Gobirawa suka zauna bayan sun baro ƙasar Azbin, tun kafin su gangara kudu su kafa Alƙalawa. Duk wanda ya zauna da dattawan wannan yanki ya san cewa hirar asalin Gobir takan nufi gabas. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya ambata a littafinsa Infaƙul Maisuri cewa ana danganta Gobirawa da Ƙibɗawan Masar. Shi ya sa ɗalibin da ya tashi da wannan labari, ranar da ya fara jin cewa a tsohon Ibrananci akwai kalmar “sar” mai nufin shugaba, kuma a Akkadiyanci “sharru” na nufin sarki, yakan ji kamar ya tsinci dami a kala. Sai ya yanke hukunci nan take cewa kalmar “sarki” daga can ta fito.

Wannan maƙala za ta bi batun ta hanyar kimiyyar harshe. Za ta fara da kalmomin shugabanci a nassoshin Ibrananci, ta dubi takwarorinsu na Hausa, sannan ta auna wancan zato na asalin kalma. Abin da take son tabbatarwa shi ne: harsunan biyu sun yi tarayya a wata dabara ta ma'ana, wato raba sunan kujera da sunan abin da ya halatta zama a kanta, kuma wannan tarayya ba ta buƙatar a ce wani ya ari kalmar wani.

2.0 Kalmomin shugabanci a nassoshin Ibrananci

Ibrananci harshe ne na reshen Semitik, kamar Larabci. Yawancin kalmominsa ana gina su ne a kan saiwa mai baƙaƙe uku, wasula kuma su shiga tsakaninsu su ba da ma'ana ta musamman. Kalmomi biyar ne za mu duba.

2.1 Melek

Wannan ita ce kalmar gama-gari ta sarki. Saiwarta m-l-k ce, wadda ta ba Larabci “malik” da “mulk”. Ta zo fiye da sau 2,500 a nassoshin, kuma ba ta zaɓen wanda take hawa: Fir'aunan Masar melek ne, sarkin Babila melek ne, shugaban ƙaramin birni a Kan'ana melek ne, Ubangiji ma ana kiransa da ita. Kalmar tana faɗin cewa mutum na riƙe da iko, amma ba ta faɗin inda ya samo shi.

A babi na 8 na littafin Sama'ila na ɗaya, jama'a ne suka nemi a naɗa musu melek don su zama kamar sauran al'ummai, kuma labarin ya nuna wannan buƙata a matsayin juya wa sarautar Ubangiji baya. An gargaɗe su cewa sarki zai kwashi ƴaƴansu aikin soja, ya karɓi kaso daga gonakinsu da dabbobinsu. Babi na 17 na Maimaitawar Shari'a kuwa ya gindaya wa sarkin sharuɗɗa: kada ya tara dawakai da mata da dukiya fiye da kima, kuma ya riƙe kwafin shari'a yana karantawa muddin ransa. Ke nan tun daga farko kalmar na ɗauke da ɗan shakku.

2.2 Nagid

Ita wannan kalma ba ta kai sau 50 ba, amma inda take zuwa ne abin lura. Saiwarta n-g-d tana da alaƙa da ma'anar “gaba”, don haka nagid shi ne wanda aka sa a gaba. Lokacin da Sama'ila ya zuba wa Saul mai a ka, wanda Musulmi suka sani da Ɗalutu, nagid aka kira shi (1 Sama'ila 9:16 da 10:1). Haka aka kira Annabi Dawuda (AS) a 2 Sama'ila 5:2 da 7:8. A waɗannan wurare Ubangiji ne mai aikata aikin a jimlar, kuma jama'ar da za a shugabanta ana jingina su gare Shi.

Masanin Jamus Albrecht Alt ya kafa ra'ayi a 1930 cewa nagid shi ne wanda Allah ya zaɓa, melek kuma shi ne wanda jama'a suka yi wa shewa suka ɗora a gado. A 1976 Tryggve Mettinger ya kawo wata fahimtar. Ya kafa hujja da 1 Sarakuna 1:35, inda Dawuda da kansa ya sanya Sulaimanu nagid, ya ce asalin kalmar na nufin magajin da aka ayyana, daga baya ne ta samu launin addini. Darasin da ke nan ga mai nazarin ma'ana shi ne ya riƙa tambayar wane ne mai aikatawa a jimla, domin kalma ɗaya tana sauya nauyi idan mai naɗawa ya sauya.

2.3 Mashiyah

Aikatau “mashah” na nufin shafa, musamman shafa mai. Daga gare shi aka ƙera “mashiyah”, siffa mai nuna wanda aka yi wa aikin, wato shafaffe. Ba ta kai sau 40 ba a nassoshin. Ana kiran babban firist da ita a babi na 4 na Littafin Firistoci, amma sarki ne ya fi shahara da ita, kuma sau da yawa a jingine: shafaffe na Ubangiji. Ƙarfin kalmar ya bayyana a 1 Sama'ila babi na 24 da na 26, inda Dawuda ya samu damar kashe Saul har sau biyu ya ƙi, dalilinsa kuwa shi ne shafewar da aka yi wa mutumin. A Ishaya 45:1 an kira Sairus, sarkin Farisa da ya ci Babila a shekara ta 539 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da wannan laƙabi, alhali ba Ba'isra'ile ba ne. Daga baya ne kalmar ta koma sunan mai ceto da ake jira, kuma ita ce ƴar'uwar “Masih” ta Larabci, wadda ta ba Hausa “Almasihu”.

2.4 Shofet da nasi

Kafin zamanin sarakuna, shugabannin da ke tasowa lokacin yaƙi ana kiransu “shofet”. Saiwar ta haɗa yanke hukunci da gudanar da mulki, shi ya sa fassarorin Hausa suka rabu a kan sunan littafin da ke ba da labarinsu, wasu suka ce Mahukunta, wasu Alƙalai. Wannan saiwa ce ta ba manyan mahukuntan birnin Kartaj, a Tunisiya ta yau, laƙabinsu. “Nasi” kuwa daga aikatau “ɗaga” take, wato wanda aka ɗaukaka. Ezekiyel, wanda ya yi rubutu a zaman bauta a Babila bayan sarauta ta rushe, ya zaɓi wannan kalma ga shugaban da yake hange a babi na 40 zuwa 48, ya kauce wa melek. Zaɓin kalma a nan hukunci ne a kan sarakunan da suka gabata.

3.0 Yadda Hausa ta tsara nata

3.1 Sarki

Kalmar “sarki” ta fi melek faɗi. Akwai Sarkin Gobir da ke Tsibiri da Sarkin Katsina da ke Maraɗi, akwai kuma sarkin noma, sarkin pawa, sarkin maƙera da sarkin kasuwa. Har wanda ya ƙware a mugun hali akan ce masa sarkin ƙarya. Can a ƙoli kuma Bahaushe yana cewa Sarki Allah. Idan aka lura, wannan amfani na “sarkin kaza” ya fi kama da na “sar” ta Ibrananci, domin a labarin Annabi Yusufu (AS), a babi na 40 na littafin Farawa, shugaban masu tuya da shugaban masu shayar da Fir'auna duk “sar” aka kira su, haka ma shugaban mayaƙa a wasu littattafan. Hausa ta haɗa abin da Ibrananci ya raba gida biyu. Kamar melek dai, kalmar sarki ita kaɗai ba ta faɗin tushen iko.

3.2 Naɗi

Abin da ke faɗin tushen shi ne aikatau “naɗa”. Asalin ma'anarsa aikin hannu ne: a naɗa tabarma, a naɗa zare, a naɗa rawani. Daga naɗa rawani a kan mutum sai ma'anar ta faɗaɗa ta koma ba shi muƙami, har yau ana cewa an naɗa minista ko shugaban jami'a, mutanen da ba wanda ya sa musu rawani. Wannan ita ce hanyar da “mashah” ta bi sak. A harsunan biyu, abin da ake yi wa kan mutum a bainar jama'a ya zama sunan halaccinsa. Ƙirar kalmomin ma ta zo ɗaya ta fuskar aiki: “mashiyah” wanda aka shafa, “naɗaɗɗe” wanda aka naɗa. Idan kuma aka sauke mutum, Hausa takan koma ga hoton nan ta ce an tuɓe masa rawani.

Su wa ke naɗawa? A Gobir akwai majalisar da aka sani da Tara ta Gobir. A Maraɗi manyan masu zaɓen sarki huɗu ne: Galadima, Ƙaura, Ƴanɗaka da Durɓi. Mutane ne ke zaɓe, amma da zarar an gama, harshe yakan mayar da aikin ga Allah. Mai zuwa gaisuwa cewa yake yi Allah ya ba ka, ko Allah ya taya riƙo. Wanda ya nema ya rasa akan ba shi haƙuri da cewa sarauta ta Allah ce. Gaisuwar fada kanta addu'a ce: ranka ya daɗe, Allah ya ja zamanin sarki. Abin da Alt ya gani a tsakanin nagid da melek, Hausa tana yin sa ba tare da laƙabi biyu ba. Tana barin laƙabin yadda yake, ta sauya mai aikatawa a jimla: majalisa ta zaɓa, Allah ya ba shi.

3.3 Rukunin Larabci

Musulunci ya kawo wa Hausa wani rukuni na kalmomi. Saiwar m-l-k ta shigo a matsayin “mulki” da “mallaka”, amma ba ta ture “sarki” ba. Sauran sun haɗa da halifa, imami, waziri, alƙali, hakimi, adalci da mubaya'a. Alƙur'ani da kansa ya ba da misalin rarrabewa: a labarin Ɗalutu cikin Suratul Baƙara kalmar “malik” ce ta zo, tare da bayanin cewa Allah ne ya zaɓe shi, a Suratu Sad kuwa an kira Annabi Dawuda “halifa”, aka haɗa laƙabin da umarnin yin hukunci da gaskiya.

A ƙasar Gobir ne wannan rarrabewa ta zama batun siyasa. A 1804, bayan hijira daga Degel zuwa Gudu a zamanin Sarkin Gobir Yunfa, jama'a suka yi wa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo mubaya'a a matsayin Amirul Muminina. Ba a kira shi sarkin wata ƙasa ba. Da aka zo mayar da laƙabin cikin Hausa, sai aka ce Sarkin Musulmi, Fulfulde kuma ta ce Laamiiɗo Juulɓe. Ginin wannan laƙabi abin nazari ne. Kalmar sarki tana nan, abin da aka jingina ta da shi ne ya sauya, daga sunan ƙasa zuwa sunan jama'ar addini. Haka nagid yake zuwa a jingine da jama'ar Ubangiji.

A littafinsa Kitabul Farƙi, Shehu ya soki laƙaban sarautar Hausa irin su galadima da ubandawaki, ya nemi a koma ga muƙaman da shari'a ta sani, kamar waziri da alƙali. Wannan ya yi kama da abin da Ezekiyel ya yi da ya guje wa melek: mai neman gyara yakan fara da ƙamus. Sai dai harshe yana da taurin kai. Alƙalawa ta faɗi a 1808, amma tsofaffin laƙabai sun dawo cikin masarautun daular Sakkwato kanta, kuma har yau ana naɗa Galadima a Kano da Katsina da Zazzau. Gobirawan da suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, da Katsinawan Maraɗi, su dama ba su taɓa sakin nasu ba.

4.0 Shin “sarki” daga “sar” ta fito?

Yanzu mu koma ga zaton ɗalibinmu. Hujjarsa kamar tana da ƙarfi. Zai ce a dubi “sarauta” da “sarauniya”, babu /k/ a cikinsu, don haka saiwar “sar-” ce, “-ki” kuma ɗafa-ƙeya ne. Zai ƙara da cewa Hausa da Ibrananci dangi ne, tunda Joseph Greenberg ya sanya harsunan Cadi cikin babban gidan Afro-Asiya a rabe-rabensa da ya kammala a 1963.

Dangantakar gaskiya ce, kuma tana da shaidu. “Suna” tana tafiya da “shem” ta Ibrananci da “ism” ta Larabci. “Mutu” tana tafiya da “mut” da “mata”. Harafin /t/ na nuna jinsin mace a dukansu. Ɗafa-goshin “ma-” mai ƙera sunan wuri yana cikin “masarauta”, yana kuma cikin “mamlakah”, kalmar Ibrananci mai ma'ana ɗaya da ita. Amma kasancewar harsuna biyu dangi ba ya mayar da kowace kalma biyu masu kama ƴan uwa.

Matsalar tana ga /k/ ɗin nan. Akwai wata ƙa'idar sauyin sauti a tarihin Hausa da ke ɗauke da sunan masanin Jamus August Klingenheben, wadda ta nuna cewa baƙi ɗan hanɗa, kamar /k/ ko /ƙ/, idan ya faɗo a ƙarshen gaɓa yakan koma /u/. Misalan suna bakinmu kullum, kuma alamar tauraro na nuna tsohuwar siga da aka sake ginawa:

talaka, amma talauci (daga *talak-ci)
haƙori, amma haure (daga *haƙ-re)
sarakuna, amma sarauniya (daga *sarak-niya)
sarakai, amma sarauta (daga *sarak-ta)

Ashe /k/ bai ɓace daga “sarauta” ba, rikiɗa ya yi ya zama /u/. Saiwar Hausa ke nan “sarak-” ce, mai baƙaƙe uku s-r-k. Saiwar “sar” da “sharru” kuwa /r/ biyu gare ta, babu /k/ ko kaɗan. Duk mai son haɗa su dole ya bayyana inda /k/ ya fito, ya kawo takwarorin kalmar daga wasu harsunan Cadi, ya kuma nuna cewa sautin farko na kalmar Semitik yana dacewa da /s/ na Hausa a wasu kalmomin daban. Kafin a yi wannan aiki, abin da ke hannu kama ce kawai, kuma kama da wane ba ta wane.

Akwai wani tarko irin wannan a kusa. Mutum zai iya ɗauka cewa “mala'ika” ƴar gidan “mulki” ce, tunda m, l da k duk suna ciki. Saiwarta daban ce, l-'-k, mai nufin aike, /m/ ɗin farko kuma ɗafi ne. Takwararta a Ibrananci “mal'ak” na nufin ɗan aike.

5.0 Abin da ke gaban mai nazari a Dakoro

Yankin Dakoro wuri ne da laƙabai na harsuna uku ke haɗuwa a kasuwa ɗaya. Hausawa na da sarki da mai gari, Fulani na da arɗo, wasu shugabannin Abzinawa kuma Hausawa kan kira su tambari. Wannan na ƙarshe ya bi hanyar da muka gani a sama, domin tambari sunan gangar sarauta ne ya koma sunan mai ita. Mai, rawani, ganga: kowace al'umma ta ɗauki abin da ido ke gani ranar biki ta sanya wa iko suna.

A kan waɗannan duka akwai rukuni na huɗu, na hukuma. Dokar sarautar gargajiya ta Nijar ta 2015 ta jera matakai daga sultan zuwa shugaban kanto da na rukunin makiyaya, har zuwa na ƙauye da unguwa, kuma takardar gwamnati ce ke tabbatar da wanda aka zaɓa. Sarakunan Tsibiri da Maraɗi an ɗaga su zuwa matakin sultan a 2010, amma a bakin talaka har yanzu Sarkin Gobir ne da Sarkin Katsina. Ga aikin fili da ke jiran ɗalibi: ya halarci naɗi, ya rubuta jimlolin da ake furtawa, ya ƙirga sau nawa mai aikatawa ya kasance gwamnati, sau nawa majalisa, sau nawa Allah, kuma a bakin wa.

Mai fassara ma yana da rabonsa. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, masu fassara ke fuskantar wannan tambaya. Idan aka ce “sarki” ga melek da nagid da sar duka, an shafe bambancin da marubutan asali suka yi da gangan. Idan aka ce “shafaffe”, an riƙe hoton amma Bahaushen da bai san al'adar ba zai iya tambayar me aka shafa. Idan aka ce “naɗaɗɗe”, ma'ana ta isa amma an sa wa Dawuda rawanin da bai taɓa sa ba. Kowane zaɓi na da farashi, kuma aikin mai fassara ne ya san abin da ya biya.

6.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa Ibrananci ya ware “melek” ga kujera, ya ware “nagid” da “mashiyah” ga halaccinta, yayin da Hausa ta riƙe “sarki” ga kujera, ta ɗora halacci a kan “naɗi”, da addu'o'in fada, da kalmomin aro irin su “mubaya'a”. Ya kuma nuna cewa /k/ na cikin saiwar “sarki”, abin da ya raunana hujjar masu danganta ta da “sar”. Labarin fitowar Gobirawa daga gabas yana da matsayinsa a adabin baka da tarihin yadda al'umma ke kallon kanta, ya kuma cancanci nazari na daban. Hujjar asalin kalma kuwa sai an nemo ta a ƙa'idojin sauyin sauti da kwatancen harsunan Cadi.